Gaban Motar Yaya

SHAFI NA 17

Assalamu alaikum. Ku gafarce ni da shirun kwana biyun nan, sau uku ina rubuta shafin nan ina gogewa. 'Yar'uwar da ta ce in daina wahalar da Auta, na ji, amma ba yau ba. In kun ga kuskure ku gyara mini a hankali don Allah, hannuna bai saba ba tukuna.

*

Mai sayen tsoffin ƙarafa ya ce kafin azahar zai zo ya ja motar Yaya, shi ya sa ko shayina ban tsaya na sha ba. Na zare mabuɗin gareji daga ƙusar da Baba ke rataye shi, na fita ta ƙofar baya.

Sati uku ke nan tana rufe da tamfol. Sati uku tun ranar da Yaya ya shiga kwanar ƙarshe a filin wasan zamiya, motar na tafiya a karkace yadda ake so, tayoyin baya na tada hayaƙi, sai ta ƙwace masa ta daki katanga da goshi. Gudun ma ba wani gudu ba ne. Mun sha ganin waɗanda suka yi karon da ya fi wannan sun fito suna dariya suna karkaɗe riga. Yaya kuwa sai da aka zaro shi, idon sawunsa duka biyu a karye.

Kuma ni na zana gaban motar.

Masu wasan nan yanke gaban mota suke yi, a zubar da ƙarfen da ta zo da shi, a gina sabo da bututu, don tayoyi su sami filin juyawa, lagireto ya sami mazauni, motar kuma ta rage nauyi. Baba ke lanƙwasawa ya yi walda. Wannan karon Yaya ya dage ni zan yi zanen, wai na ci littattafan ƙarfe har na fara tsatsa. Na sa ƙafafu biyu miƙaƙƙu daga shasi zuwa sandar gaba, na zaɓa musu bututu marar kauri da gangan. Na ce in aka yi karo waɗannan biyun za su tattare kamar gwangwanin madara, su shanye dukan kafin ya isa wurin direba.

Ba su tattare ba.

Na yaye tamfol ɗin. Ga su nan a tsaye ƙyam, baƙin fentinsu ma kaɗan ya ɓare. A bayansu shasin ne ya karye, ya turo bangon da ke tsakanin inji da direba, fedojin birki da kuloci da totur suka haɗe wuri ɗaya kamar an murɗe cokula.

Sau goma sha ɗaya na sake lissafin nan. Ta gaba, ta baya. Ban ga inda na kuskure ba. To in takarda ta ƙi gaya mini, bari in tambayi ƙarfen kafin a tafi da shi.

Zarto na ɗauka, don kada a ji ƙara a cikin gida. Na taɓa yanka irin bututun nan, kafin mutum ya gaji ya faɗi. Wannan kuwa na yi ta ja ina turawa har kafaɗata ta fara zafi, haƙoran zarton na ci amma ba sa hudawa.

Da ya rabu na sunkuya na leƙa bakinsa.

Na goge idona na sake leƙawa.

Daga nan ban ƙara damuwa da wa zai ji ba. Na jona injin yanka, na ciro zobe ɗaya daga jikin bututun, faɗin yatsa biyu. Ya faɗi ƙasa yana juyi. Na bari ya huce na ɗauka.

“Wa ya ce ki taɓa injin nan ba tabarau?”

Baba ne a bakin ƙofa, hularsa a karkace, da alama da sauri ya fito.

“Ido guda nawa gare ki da za ki...”

Sai ya ga tamfol a ƙasa. Ya ga abin da ke tafin hannuna. Maganar ta tsaya masa a nan.

Na ce, “Baba, bututu ɗaya na zana.”

Na ɗaga masa zoben.

“Wannan biyu ne. Nawa a waje, wani mai kauri a cikinsa. An huda nawan an ɗiga walda an haɗe su, an goge sumul, an shafe da fenti.”

“Ajiye shi, zai yanke ki. Bakinsa da kaifi.”

“Baba.”

Ya shigo ya ja ƙofar. Ya kifa bokitin fenti ya zauna a kai, ya cire hular ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa lura furfurarsa ta kai haka ba.

Na ce, “Yaushe?”

“Ranar da kuka je neman taya, ke da yayanki.”

“Ranar da ka ce mu tafi kawai, fenti ne ya rage?”

“Ita.”

Na tuna mun dawo mun tarar da shi yana wanke hannu da kananzir, gaban motar na sheƙi. Yaya har ya durƙusa yana shafa shi yana cewa ko amarya ba ta kai shi kyau ba. Ni kuma na tsaya ina jin kaina kamar zai taɓa rufi.

Na ce, “Me ya sa?”

Ya ɗaga yatsunsa biyu, babba da manuni, waɗanda wuta ta cinye wa farce.

“Da waɗannan na ɗaga shi, Auta. Bututun da kika zaɓa. Da yatsa biyu. Na ƙwanƙwasa shi, ya amsa mini kamar murfin kwano. Sai na dubi kujerar da yaron nan zai zauna.”

“Ai na yi maka bayani. Har gwangwani na taka a gabanka.”

“Kin taka.”

“Ka ce ka gane.”

“Na gane. Kaina ya ji, hannuna ne bai ji ba.”

Ya juya hular a gwiwarsa.

“Shekara talatin da biyar ina walda. Ƙofofi, bodin tifa, ƙafar tankin ruwa. Ba a taɓa dawo mini da aiki an ce ya karye ba, ko sau ɗaya. Akwai ƙofar da na yi kafin a haife ki, ginin ya rushe tana nan tsaye. Abin da na iya ke nan, in yi abin da ba ya karyewa. Sai ga 'yata da takarda ta ce in yi wanda zai karye, kuma in zaunar da ɗana a bayansa.”

“Don kada shi ya karye, Baba.”

“Yanzu ai na gani.”

Ya faɗe shi a hankali, yana kallon inda fedojin suka haɗe.

“Ce wa kaina na yi ƙari ne kawai. Ban taɓa zanenki ba, ban rage komai ba. Na ce ai ƙarfi ba ya ɓata aiki. In lissafinki daidai ne to, in kuma akwai inda ya gaza, ga nawa a ciki ya tallafa. Da dare ya yi ranar har barci na yi mai daɗi.”

Tun da na leƙa bakin bututun nan na shirya fushi, na tanadi kalmomi a jere. Amma ban shirya wa wannan ba. Da mugunta ce da na san inda zan ajiye ta.

Na zauna a kan tsohuwar taya. A maƙwabta masu gyaran bodi sun fara buga guduma.

Na ce, “Na yarda tsoro ne ya sa ka. Amma sati uku fa.”

Ya sunkuyar da kai.

“Sati uku ina kai wa Yaya abinci yana juya fuska bango. Mama in ta gan ni da biro sai ta yi ajiyar zuciya. Yaran maƙwabtan nan in zan wuce sai su yi shiru, in na wuce in ji ɗaya ya ce ‘ga mai lissafi nan’. Kana gani, Baba. Kana zaune a wurin.”

“Ina gani.”

“Na kwashe littattafaina na zuba a kwali. Kai ka ba ni igiyar da na ɗaure shi.”

Nan ne ya rufe fuskarsa da hannu ɗaya.

“A asibiti na so in faɗa. Wallahi na buɗe baki. Uwarku ta ce dama ta faɗa a daina biye wa yarinya da takarda, na juyo zan ce mata ba yarinyar ba ce, sai aka fito da shi daga ɗakin aiki. Na ce bari ya farfaɗo. Da ya farfaɗo na ce bari a sallame shi. Ranar farko maganar nauyin guduma gare ta, da na ɗaga ta. Yau ta kai injin tifa.”

“Shi ne za ka sa a ja motar.”

“Shi ne.”

Bai yi ƙarya ba, bai kuma nemi ya kewaye ba. Wannan ma ya ƙara mini ciwo.

“Auta.”

“Na'am.”

“Zan roƙe ki abu, kuma na san ban da bakin roƙo.”

Na san me zai ce, amma na bar shi ya faɗa.

“Ki ba ni lokaci. Ya taka ƙafarsa tukuna. Ke ƙanwarsa ce, kuskuren yarinya ne a wurinsa, yau ko gobe zai huce. Ni kuwa ba kuskure kawai na yi ba. A ɓoye na yi, na shafa fenti a kai, na tsaya ina ɗaga masa hannu ya shiga fili. Yaron da tun yana rarrafe yake bina da sifana. In ya ji wannan yana kwance, ban san da wane ido zai ƙara dubana ba.”

“Ni fa? Da wane ido yake dubana?”

“Ke za ki iya ɗauka. Kin fi ni ƙarfin zuciya.”

Na yi dariyar da ba ta dariya ba ce. Ni da ko kaza aka yanka sai na shige ɗaki.

Abin da ya fi damuna shi ne akwai gaskiya a maganarsa. Yaya zai yafe mini. Na san shi, fushinsa ba ya shekara. Amma Baba a wurinsa ba uba ne kawai ba, ma'auni ne. In ya ga walda a jikin wata mota sai ya ce “wannan ba ta kai rabin ta Baba ba”. In na kai masa zoben nan, sunana zan wanke, amma ban san me zan karya masa ba bayan ƙafafun.

Wayar Baba ta yi ƙara. Ya duba, ya kai kunne. Mai sayen ƙarafan ne.

“Ee. Ee, tana nan. Ka zo da sarƙa, tayar gaba ba ta juyawa.”

Ya kashe. Ya miƙe ya ɗauki tamfol, ya tsaya da shi a hannu bai rufa ba.

“Kawo wannan na hannunki in haɗa masa.”

Na dunƙule hannuna.

Ya dube ni, na dube shi. Tunda nake ban taɓa ƙin miƙa wa Baba abu ba. Bai sake tambaya ba.

Daga cikin gida Mama ta ɗaga murya.

“Auta! Ina kika shige ne? Zo ki kai wa yayanki abinci, yana da magani da zai sha!”

Na fita na bar shi tsaye da tamfol.

*

Ɗakin Yaya na warin man zafi da lemo. An jawo masa gadon kusa da taga, ƙafafun biyu cikin filasta a kan matashi. Abokansa sun cika filastar da rubuce-rubuce, wani har ya zana mota da fukafukai.

Na yi sallama ƙasa-ƙasa kamar kullum, na ajiye tiren a kan kujera da hannu ɗaya, don ɗayan na dunƙule a gefena. Na juya zan fita.

“Injiniya.”

Na tsaya cak. Tun ranar filin bai kira ni da sunan nan ba. Bai kira ni da kowane suna ba.

“Zo ki zauna. Ba na cizo, haƙoran ma sun manta aikinsu, kullum abu mai ruwa-ruwa Mama ke ɗura mini kamar jariri.”

Na zauna a bakin gadon, can ƙarshe.

“Matso mana. Ko tsoro kike in shure ki? Da wace ƙafar?”

Na matso. Idona ya cika, na kafa shi a kan motar mai fukafukai.

Ya ce, “Mama ta ce kin ɗaure littattafanki.”

Na gyaɗa kai.

“Ki kwance su.”

“Yaya...”

“Bari in gama, kwana uku ina haɗa maganar nan, in kika katse ni za ta watse.” Ya gyara kwanciya yana yamutsa fuska. “Na yi fushi da ke, ba zan ɓoye ba. Kin ce zai tattare, na yarda, na shiga kwanar nan hankalina kwance. Da na farka na ga ƙafafuna haka, ke na fara tunawa kina taka gwangwani. Duk sanda kika shigo sai in ji abin ya taso mini.”

“Na sani.”

“To amma kwanciya makaranta ce. Mutum in ya rasa abin kallo sai rufin ɗaki, dole ya yi tunani. Wa ya dage ke za ki zana? Ni. Wa ya shiga kwana da gudun da ya fi na jiya don ya ji tafi? Ni. Ke iyakacin abin da kika sani kika yi. Zanenki na farko ne. Ni waldata ta farko Baba da ƙafa ya ture ta ta faɗi.”

Zoben ya fara cizon tafina. Da gaske bakinsa da kaifi.

“Laifina ne da ban bar wa Baba aikinsa ba. Shi hannunsa ba ya kuskure. Da na ce ya yi yadda ya ga dama, da yanzu ina tsaye ina tsokanarki.”

Na ji motsi a bayana. Inuwa ta faɗo a kan tabarmar bakin ƙofa. Ban waiga ba, na san warin kananzir.

Yaya ya ɗago ya yi murmushi.

“Yauwa Baba, gara da ka zo, ka zama shaida.” Ya miƙo hannu ya dafa kaina kamar sanda nake ƙarama. “Auta, na yafe miki. Duniya da lahira. Kada in ƙara jin an tada maganar nan a gidan nan, har Mama zan gaya wa.”

Sati uku ina roƙon Allah ya nuna mini wannan lokacin. Ga shi ya zo, ga hannun Yaya a kaina, kalma biyu kawai ake jira daga bakina. In na ce “na gode”, an rufe magana. Motar za ta tafi kafin azahar, Yaya ya sami ƙanwarsa bai rasa ubansa ba, ni kuma in zauna har tsufana a matsayin wadda aka yafe wa.

Na duba a zuciyata ko zan iya. Na ga zan iya. Wannan ne ya ba ni tsoro.

Yaya ya ce, “To? Ba godiya? Ko sai na rubuta miki a takarda kin yi lissafi?”

Na buɗe baki.

“Na go...”

“Auta.”

Muryar Baba ce, amma kamar daga cikin rijiya.

“Ba shi abin da ke hannunki.”

Na waiga. Yana riƙe da gefen ƙofar da hannu biyu, ba hula a kansa.

“Baba, ka ce...”

“Na san abin da na ce. Ba shi.”

Yaya na kallonmu ɗaya bayan ɗaya, murmushin bai gama barin fuskarsa ba.

“Me kuke ƙullawa ne? Alawa ce?”

Na buɗe hannuna. Zoben ya zana mini jan layi a tafi, jini ya ɗan tsattsafo. Yaya ya ɗauka yana cewa “ke kuma me ya kai ki”.

Ya ɗaga shi saitin taga. Ya ga baƙin fenti a bayansa. Ya sa farce tsakanin ƙarfen waje da na ciki. Ya juya shi a hankali har ya iso inda aka ɗiga waldar, ya shafa wurin da babban yatsa, sau ɗaya, sau biyu.

Ya ce, “Daga ina?”

Na ce, “Ƙafar dama ta gaban motar.”

“Ta hagun ma haka take?”

Baba ne ya amsa. “Haka take.”

A waje babbar mota ta tsaya, aka danna hon, sarƙa ta zubo ƙasa da ƙara. Ba wanda ya motsa a cikinmu.

Yaya bai ɗago ba. Yatsansa na nan a kan waldar.

“Mutum ɗaya na sani da ke goge walda haka, har ka rasa inda ta fara.”

Ya ajiye zoben a kan filastar ƙafarsa, ya daidaita shi ya zauna.

“Auta, fita ki ja mana ƙofa.”